Bikin da Kasuwa ta Yanka wa Rana

A daren Laraba, wayewar Alhamis ta uku ga watan Nuwamba, garin Beaujeu da ke arewa da birnin Liyon a Faransa ba ya barci. Manoman inabi kan fito da baro-baro cike da busassun rassan inabi suna ci da wuta, jama'a na biye da su da kiɗa, har zuwa tsakiyar gari. Da sha biyun dare ta buga sai a fasa gangunan giyar bana, wadda ake kira Beaujolais Nouveau, ana furta sunan kamar "Bojole Nubo". Sunan bikin Les Sarmentelles, an fara shi a 1989, kuma yakan ɗauki kwana biyar. A wannan dare ana irin wannan shagali a Liyon da Faris da Landan da Tokiyo.

Akasarinmu ba mashaya ba ne, kuma hukuncin giya a addinin mafi yawanmu sananne ne, ba sai an maimaita ba. Abin da ya ja hankalinmu a nan tambaya ce da ta shafi kowace al'umma: idan 'yan kasuwa ne suka tsara biki, suka yanka masa rana, suka koya wa mutane lokacin da za su yi murna, shin wannan murna ta gaskiya ce?

Asalin abin ba shi da wani ƙyale-ƙyale. Manoman yankin Beaujolais suna shuka wani nau'in inabi da ake kira Gamay. Bayan girbi sukan zuba curin inabin yadda yake cikin rufaffen mazubi, ya tsimu cikin 'yan kwanaki, a samu giya mara nauyi da za a iya sha bayan mako shida zuwa takwas. Ita ce ma'aikatan gona ke sha don murnar gama aiki, a kuma kai wa ƙananan gidajen abinci na Liyon. A 1951 gwamnati ta hana sayar da giya mai sunan yanki kafin 15 ga Disamba. Manoman suka yi ƙorafi, a Nuwambar wannan shekara aka sassauta musu. A 1967 aka tsayar da 15 ga Nuwamba. A 1985 kuma aka mayar da ranar zuwa Alhamis ta uku, domin ciniki ya faɗa cikin hutun ƙarshen mako. A tsakanin nan dillalai irin su Georges Duboeuf suka ɗauki abin suka zaga duniya da shi, Turawan Ingila kuma suka ƙirƙiro tseren motoci a shekarun 1970 don ganin wanda zai fara isa Landan da kwalba.

Mai sauraron wannan tarihi zai iya yanke hukunci nan take cewa bikin bogi ne, talla ce kawai aka sa wa rigar al'ada. Muna ganin wannan hukunci ya yi gaggawa. Da wuya a sami bikin da kasuwa ba ta bi ta cikinsa ba. Ko a wajenmu, tela da mahauci da mai lalle suna cin kasuwarsu a lokacin sallah, kuma hakan bai rage wa sallar daraja ba. Mutumin Beaujeu da ya fito cikin sanyin Nuwamba ya tarar da maƙwabtansa, ya gaisa da wanda suka yi wata uku ba su haɗu ba, murnarsa ba ta zama ƙarya ba don wani dillali ya ci riba. Manomin ma yana da hujja mai ƙarfi: giyar da ake ajiyewa shekaru kafin a sayar tana ɗaure masa jari, wannan kuwa kafin shekara ta ƙare kuɗinta ya shigo, ya biya ma'aikata da bashi. Saboda haka asalin biki shi kaɗai ba ya isa a yanke masa hukunci.

Ma'aunin da ya fi dacewa, a ganinmu, shi ne a duba wa bikin ke yi wa biyayya. Bikin kaka irin na manoma, kamar kalankuwa a karkararmu, amfanin gona yake jira. Idan damina ta yi jinkiri, bikin ya jinkirta. Idan ba a samu ba, kiɗan ma da sanyinsa ake yi. A Beaujolais an juya lamarin: ranar tana nan daram, inabin ne dole ya cim mata. Ko girbi ya zo da wuri ko ya makara, tilas kwalabe su kasance cikin jirgin sama makonni kafin ranar, a jibge su a rumbunan ajiya na ƙasashen waje, a hana buɗe su sai agogo ya buga. Japan, wadda ta fi kowace ƙasar waje sayen wannan giya, tana gaban Faransa da awa takwas a Nuwamba, don haka mutumin Tokiyo kan ɗanɗana amfanin gonar kafin wanda ya noma ya fara bikinsa. A 2004 Japan ta shigo da kwalba sama da miliyan 12. A wani wurin shaƙatawa a Hakone har zuba ta ake yi a tafkin wanka mutane su shiga.

A nan ne godiya ke fara ɓacewa. Mai godiya ya san ana iya samu, ana iya rasawa, shi ya sa samun ke faranta masa. Bikin da aka riga aka sayar da kayansa kafin a ɗanɗana ba shi da bakin cewa bana ba ta yi kyau ba, dole kowace shekara a yaba. Yabon da ba ya taɓa sauyawa kuwa, a hankali mutane kan daina jin sa.

Manoman sun biya kuɗin wannan. A lokacin da abin ya kai ƙololuwa, kusan rabin giyar yankin ana sayar da ita ne a matsayin sabuwa. Aka yawaita nomawa, inganci ya ragu, masu saye suka gundura. Daga girbin 2001, kimanin lita miliyan 10 suka yi kwantai, sai da aka lalata su ko aka mayar da su sinadarin masana'antu. A 2002 wani mai sharhi, François Mauss, ya siffanta giyar yankin da kalmar ƙazanta a mujallar Lyon Mag. Ƙungiyoyin manoma suka kai ƙara, suka yi nasara a 2003, babbar kotu ta soke hukuncin a 2005, kuma shari'ar ta ƙara yaɗa zagin ne kawai. Waɗanda suka fi cutuwa su ne manoman sassa goma na yankin, irin su Morgon da Fleurie da Moulin-à-Vent, masu yin giyar da ake ajiyewa shekaru. Sunan Beaujolais ya riga ya zama na abin gaggawa mai araha, haƙurinsu ya rasa mai saye da daraja. Gonakin inabin yankin, da suka haura hekta dubu 20, suka ragu zuwa ƙasa da dubu 15.

Zai yi sauƙi mu ɗora wa dillalai laifin duka, amma dillali ba ya sayar da abin da babu mai kwaɗayinsa. Abin da aka sayar wa duniya a wannan dare shi ne daɗin riga kowa. Mu ma mun san wannan kwaɗayi. Yana cikin wayoyin da ke hannunmu, inda kamfani zai sa ranar fitar da sabon kaya ko ranar ragin farashi, mu riƙa ƙirga kwanaki kamar masu jiran ganin wata, mu saya don mu nuna mun riga wasu. Mai saye da ke neman sabo kullum shi ke tilasta wa mai nomawa gaggawa, sannan idan ya ƙoshi ya juya baya ya bar shi da kwantai.

Don haka amsarmu ita ce: murnar mutanen Beaujeu ta gaskiya ce, domin suna ganin gonakin da idonsu, sun san wanda ƙanƙara ta ɓata wa amfani, sun san wanda ya samu. Murnar ta fara zama holoƙo ne a inda aka raba ta da manomi da ƙasarsa, aka bar rana da kwalba kaɗai. Duk bikin da aka gayyace mu, na gida ko na aro, yana da kyau mu tambayi wanda ya yanka ranar, mu kuma tambayi halin da mai aikin zai shiga bayan an watse.