"A'a" A Bakin Mai Sana'ar Biki: Rashin Kunya Ne Ko Riƙon Amana?



Duk wanda ya zauna a Suleja ya san yadda garin nan yake komawa idan watan Sha'aban ya kama, ko bayan Sallah, ko ƙarshen shekara: kowace Asabar rumfa a kan layi, kowace Juma'a ɗaurin aure biyu ko uku. Ni abin ya shafe ni ta fuska biyu. Ina sayar da atamfa da leshi da sauran kayan lefe, sannan idan babban limami ba ya nan, ni ake turawa gaba a masallacinmu, wani lokaci har ɗaurin aure. Saboda haka nakan ga biki tun ranar da aka zo taya turmin farko, har ranar da aka zo sulhu tsakanin uwar amarya da tela.

Bari in fara da kaina, don kada a ce ina wa'azi da rigar wani. A farkon 2023 wani maƙwabcina, wanda muka shekara fiye da goma muna sahu ɗaya, ya zo zai haɗa wa ɗansa lefe. Ya zaɓi turmi 12 da leshi da mayafai, ya ce, "Malam, bayan biki." Na ji nauyin in ce a rubuta. Na ji nauyin in tambaye shi wace rana ce bayan biki. Ana nan a ƙarshen watan Mayu aka cire tallafin man fetur, Naira ta faɗi, na koma Kantin Kwari sari na tarar kuɗin da nake binsa ba zai mayar mini da kayan da ya ɗauka ba, ko da ya biya a ranar. Bai kuma biya ba. Ni ban iya tambaya ba, shi bai iya haɗa ido da ni ba. Da farko ya koma sahun baya, daga nan ya koma wani masallacin gaba ɗaya. Kuɗin ba su fi damuna ba, wallahi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutum ya bar masallacin ƙofar gidansa saboda ni, alhali abin da na ɗauka kirki nake yi masa.

To, tambayar ke nan. Idan tela, ko mai kwalliya, ko mai lalle, ko mai hoto, ko mai ba da hayar rumfa da kujeru ya ce wa ɗan unguwarsu "ba zan iya ba", ko "sai an rubuta", ya yi rashin kunya ne? Ya yanke zumunci ne?

Mu Hausawa mun taso da kunya, kuma kunya alheri ce, babu mai musun wannan. Amma akwai wata aba da take sa rigar kunya, ita kuwa tsoro ce: tsoron a ce wane ya yi kuɗi ya canza, tsoron a ce ba shi da mutunci. Tela ya san ɗinkin da ke gabansa ya kai shi har jajibirin biki, amma Hajiya ta shigo da ankon mutum 20, sai ya ce, "Ba komai Hajiya, in sha Allahu." Ya sani a ransa ba zai gama ba. Wannan "in sha Allahu" ɗin ba tawakkali ba ne, ƙarya ce aka jingina ta da sunan Allah. Ranar kamu amarya tana kuka, 'yan matan amarya sun cika shago suna zage-zage. Da ya ce a'a tun farko, Hajiya za ta ɓata rai na yini ɗaya ta nemi wani telan. Kunyarsa ta minti biyar ta jawo gaba ta shekaru.

Addini bai bar mu a duhu ba a nan. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da ƙayyade lokacinsa da kafa shaidu. Sahabbai aka fara faɗa wa wannan, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Ashe rubutu ba zargi ba ne. Haka kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki da ijara a Risala ya san ana son lada ya zama sananne, aiki ma sananne. "Ki yi kawai, ba za mu ɓata ba" ba farashi ba ne. Mai kwalliya ta ji haka ta ɗauka dubu kaza, uwar amarya ta ƙudurta rabinsa, kowacce kuma ta tafi tana ganin ita aka zalunta.

Akwai kuma iyakar lokaci. Shagulgulan biki sun yi yawa: kamu, dina, walima, wunin iyaye mata, kowanne da kayansa da kwalliyarsa. Wayar hannu kuma ta ɗauke ƙofar gida. Wata 'yar uwa mai girkin biki, matar aure da 'ya'ya huɗu, mijinta ya kawo mini ƙara cewa ƙarfe ɗayan dare ana kiranta a kan a sauya shinkafa zuwa waina. A Suratun Nur an koya mana neman izini kafin shiga gidan wani, an kuma ce idan mai gida ya ce a koma, a koma ba tare da jin haushi ba. Ni a fahimtata wayar mutum ma ƙofa ce. Don ka biya ta kuɗin girki ba ka sayi darenta ba, ba ka sayi haƙƙin mijinta da 'ya'yanta ba.

Sai dai kada masu sana'a su ji daɗi da yawa, don iyaka fuska biyu gare ta. Mai lalle da mai kwalliya suna shiga har ƙuryar ɗaki, su ga abin da baƙo bai kamata ya gani ba, su ji wace kishiya ce ba ta kawo gudummawa ba. Wannan amana ce, ba labarin da za a kai gidan biki na gaba ba. Mai hoto kuma ya ɗauki amarya ba mayafi a cikin 'yan uwanta mata, washegari ga ta a TikTok don tallar sana'arsa, ba wanda ya tambaya. Wanda yake son a mutunta iyakarsa, ya fara tsayawa a iyakar mutane.

Batun kafin alƙalami ma akwai gyara. Wasu yanzu sukan ce duk abin da aka bayar ya tafi, ko an fasa biki. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a yarda mai kaya ya cinye kafin alƙalami haka kawai don an fasa ciniki ba, ko da yake Hanbaliyya sun halatta. Abin da nake ba mutane shawara a kai: ka cire abin da ka riga ka kashe da wahalar da ka riga ka yi, ka mayar da saura. Gidan da aka fasa aurensu suna cikin abin da ya ishe su.

Wani zai ce, Malam, to ina taimako? Marainiyar da za a aurar, ita ma takarda za a miƙa mata? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma na daɗe ina juya ta. Inda na tsaya shi ne: idan za ka yi kyauta, ka kira ta kyauta da bakinka, ka ce na ba ki turmi biyu saboda Allah, a wuce wurin. Abin da ke kashe zumunci shi ne abu ya tsaya a tsakiya, kai kana lissafa shi bashi, shi yana lissafa shi alheri.

Yanzu akwai littafi a shagona, mai baƙin bango. Ko ƙanena ne ya ɗauki kaya, sai mun rubuta rana, ya sa hannu. Wasu sun yi fushi, mutum biyu sun daina zuwa. Shi kuwa maƙwabcin nan nawa, cikin azumin da ya wuce na je har gida bayan tarawihi, na ce masa mu raba abin biyu: rabi na yafe, rabi ya riƙa kawo abin da ya samu duk ƙarshen wata. Muka rubuta, ɗansa ya yi shaida. Ya kawo sau uku, wata ɗaya ya tsallake. Sallar asuba dai ya dawo, amma har yanzu can gefen taga yake tsayawa.