Shin Mutuwa Tana Ƙara wa Aiki Daraja?

A shekarar 2006 Robert Altman, mutumin Amurka, ya fito da fim mai suna A Prairie Home Companion, watau labarin daren ƙarshe na wani shirin rediyo, mawaƙa da 'yan barkwanci suna ban kwana cikin raha. Masu sharhi da dama sun yaba, wasu kuwa suka ce ba shi da nauyi. Da Altman ya rasu a watan Nuwamban shekarar, sai aka koma ɗaukar fim ɗin tamkar wasiyyarsa. To, 'yan'uwana ɗalibai, ko kalma ɗaya ba a sake ba a cikinsa. Ni a ganina a makare aka yi masa adalci, domin tun farko akwai wata mace mai farar riga da ke zagayawa bayan dandali tana ɗaukar rai, dariya ce ta hana wasu lura da ita.