Nama Ba Yanka: Gyara Ne Ko Shisshigi?

Tun fil azal nama da yanka tafiyarsu ɗaya. Duk wanda ya ga tsoka a faifan mahauci ya san an kayar da dabba, an zubar da jini. To, masana kimiyya sun kashe wannan tsohon aure. A watan Agustan 2013, Farfesa Mark Post na Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan ya gabatar wa duniya, a birnin Landan, curin naman shanu da ba ta hanyar yanka aka same shi ba. Ƙwayoyin halitta aka ɗebo daga tsokar saniya, aka rene su cikin wani ruwa mai sinadaran gina jiki, suka yi ta hayayyafa har suka kai abin da za a soya. Curin nan guda ya lashe sama da dala dubu 300. A Disambar 2020 Singafo ta zama ƙasa ta farko da ta yarda a sayar da irin wannan nama, Amurka ta bi sahu a Yunin 2023, Italiya kuwa ta hana shi a Nuwambar wannan shekara.

Abin bai tsaya nan ba. A 2020, Andrew Stout da David Kaplan da abokan aikinsu na Jami'ar Tufts ta Amurka suka ɗauko ƙwayoyin gado uku daga wata bakteriya, suka dasa su cikin ƙwayoyin tsokar shanu, sai ga tsokar tana ƙera sinadarin beta-karotin da kanta. Shi ne sinadarin da ke ba karas da manja launinsu, wanda kuma jikin ɗan Adam ke juyawa zuwa bitamin A. Rashin wannan bitamin shi ke kawo dundumi, in ya yi tsanani har makanta, musamman ga yara ƙanana. Saniya ba ta ƙera beta-karotin, a ciyawa take samunsa. Watau dai an koya wa tsoka sana'ar ganye.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan mutumin Bahuli da abin da ake yi a Amurka? Ruwansa kuwa har da tsaki. Bahuli na gindin duwatsun Mandara ne, kusa da Mubi, garin da kasuwar shanunsa ke cikin manyan kasuwannin dabbobi na Nijeriya. Shanu na shigowa daga Kamaru da Chadi, a loda su a tireloli zuwa kudu. Makiyayi da dillali da mahauci da direba da mai tallar fura, duk a jikin saniya suke ci. Saboda haka duk abin da ya taɓa ma'anar nama ya taɓa tukunyar gidajensu.

Tambaya ta farko ita ce, shin ɗan Adam na da hurumin sa hannu cikin halitta haka? Masu cewa a'a suna ganin shisshigi ne cikin aikin Mahalicci. Sai dai in an natsu, za a ga mun daɗe muna sa hannu. Muna dandaƙe ɗan maraƙi don ya yi huɗa, muna yi wa mangwaro aure don ya yi zaƙi. Gudalin Adamawa da Bunaji da Rahaji zaɓen makiyaya ne na ɗaruruwan shekaru ya fito da kamanninsu. A 2019 ma Nijeriya ta amince da waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar ɗauke da ƙwayar gadon wata bakteriya don ya kare kansa daga tsutsa. Gaskiya ne akwai bambanci: barbara ba ta tsallake jinsi, wannan kuwa ya tsallake. Amma bambancin na nisan tafiya ne, kuma nisan tafiya kaɗai bai isa ya mai da aiki laifi ba. Abin da yake wajabtawa shi ne ƙarin taka-tsantsan, don kada garin neman gira a rasa ido.

Hasali ma akwai hujja mai nauyi a ɗaya ɓangaren. Duk wanda ya taɓa ganin shanu cunkushe a tirela, kwana da kwanaki cikin rana da ƙishirwa, ya san naman da muke ci ba daga sama yake faɗowa ba. Ƙwayar halitta a tukunyar ƙarfe ba ta da ƙwaƙwalwa, balle ta ji zafi ko tsoro. In har tausayin dabba na cikin kyawawan ɗabi'u, kamar yadda addinanmu suka koyar, to bai kamata a yi watsi da wannan hujja da dariya ba.

A ganina, inda gizo ke saƙar wuri uku ne. Na farko, amana. Mai sayen nama a wurin mahaucin unguwa ya san shi, ya san Sarkin Pawa, ya san yadda aka yi yankan. Naman tukunya kuwa sai abin da kamfani ya faɗa. Ga Musulmi maganar ta fi zurfi, domin a fiƙihu abin da aka yanko daga jikin dabba tana raye hukuncin mushe gare shi, ga shi kuma an daɗe ana renon ƙwayoyin da ruwan jinin ɗan tayin saniya, kafin a fara neman madadinsa. A 2024 majalisar addinin Musulunci ta Singafo ta ce naman na iya halatta, amma bisa sharuɗɗa game da asalin ƙwayoyin da abin da aka ciyar da su. Ke nan haƙƙin mai ci ne a gaya masa abin da ke cikin akushinsa. Ciyar da mutum abin da bai sani ba, ko da mai amfani ne, raina masa hankali ne.

Na biyu, mallaka. Saniya ta kowa ce mai halin saye. Tana haihuwa, ɗanta na mai ita ne. Ƙwayar da aka sauya wa gado kuwa takardar mallaka gare ta, tana hannun wanda ya ƙera ta. Ranar da nama ya koma hannun kamfanoni ƙalilan, makiyayin da ya gaji sanda kaka da kakanni zai zama ɗan kallo. Bugu da ƙari, nama a wurinmu ya wuce abinci. Ragon layya da na suna, da watandar da maƙwabta kan yi lokacin salla ko Kirsimeti, duk igiyoyin zumunci ne da tukunyar ƙarfe ba ta san da su ba.

Na uku, wa aka yi wa gyaran? In aka sami yaro mai dundumi a ƙauyukanmu, ba don duniya ta rasa bitamin A ba ne. Ga zogale a bayan gida, ga manja, ga mangwaro, ga hanta a kasuwa. Tun 2002 ma doka ta wajabta sa wannan bitamin cikin sukari da fulawa da man girki a Nijeriya. Abin da ya hana yaron samu shi ne talauci da ƙarancin sani. Wanda ya kasa sayen tsire, yaya zai yi da naman da har yanzu masu hali kaɗai ke ɗanɗanawa?

Saboda haka ban ga dalilin la'antar masu wannan bincike ba. Neman sani ne, kuma watakila jikokinmu su ci moriyarsa. Amma ma'aunin gyara shi ne halin da ya bar mai rauni a ciki. In fasahar ta zo da gaskiya ga mai ci, da adalci ga makiyayi, da sauƙi ga talaka, to gyara ce. In ta rasa waɗannan, komai yawan bitamin da ke cikinta, shisshigi ne. Ya rage wa jami'o'inmu, da malamanmu na addini, da hukumar kula da irin waɗannan fasahohi da aka kafa a 2015, su soma wannan muhawara tun naman bai iso kasuwar Mubi ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.