Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

A ƙasashen duniya akwai waɗansu mutane da ba su da abin sha'awa kamar rediyo. Ba sauraro kaɗai suke yi ba, kowannensu yana da na'ura a gida wadda yake magana da ita da 'yan'uwansa na nesa. Kafin mutum ya shiga cikinsu sai ya ci jarrabawa, hukuma ta ba shi lasin, kuma doka ta hana shi karɓar ko anini saboda wannan aiki. Don haka jama'a da yawa sukan ce ɓata lokaci ne kurum. Sukan tambaya, ina amfanin ilmin da ba ya kawo kuɗi, balle a zamanin da kusan kowa ke da waya a aljihu?

Abin da ya auku ran 26 ga Disamba, 1 ga dubban misalai, a shekarar 2004, ya isa amsa. A ran nan ƙasa ta girgiza ƙarƙashin teku kusa da tsibirin Sumatra, ruwa ya taso ya hallaka mutum wajen 230,000 a ƙasashe da dama. Tsibiran Andaman da Nikoba na ƙasar Indiya suna cikin wuraren da masifar ta faɗa wa. Wayoyi suka katse, wutar lantarki ta ɗauke.

Sai aka yi gamon katar, wata mata, Bharathi Prasad, da abokan tafiyarta masu rediyo suna babban garin tsibiran, wanda a lokacin ake kira Port Blair. Sha'awa ce ta kawo su, don su gaisa da takwarorinsu na duniya. Nan da nan suka bar gaisuwa, suka shiga isar da saƙon hukuma da na talakawa zuwa Indiya, har iyalai da yawa suka ji labarin 'yan'uwansu.

Dalilin da na'urarsu ba ta mutu ba shi ne, wayar aljihu ba ta aiki sai da turaku da lantarki. Amma muryar rediyo mai gajeren zango takan tashi sama, ta daki wani rufin iska, ta komo ƙasa can nesa. Batirin mota da zaren waya sun ishe ta.

Gaskiya ne rediyo ba ya ciyar da mayunwaci, ba ya kuwa warkar da rauni. Amma mai abinci da mai magani ba su san inda za su nufa ba sai an gaya musu. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Da mutanen nan ba su yi shekaru suna koyo sa'ad da ake zaune lafiya ba, da ba su iya kome ba ranar wuya.

Ashe darajar ilmi ba ta tsaya ga kuɗin da yake kawowa ba. Wanda ya koyi abu don so, sa'an nan ya ba da shi kyauta ranar da jama'a ke bukata, bai ɓata lokacinsa ba.