Ɓeran Keji da Ɓeran Sito

Da na kammala binciken digirina, fararen ɓeraye biyu da ba a yi gwaji a kansu ba suka rage, kuma ƙa'ida ita ce a kashe su. Na roƙi malamina ya bar mini. Na kawo su gida cikin keji, ina ba su gero da gyaɗa, ina sauya musu garin katako duk mako. Da wuya ɓera ya haura shekara uku a duniya, ban ga dalilin gajarta musu kwana ba.

A makon nan kuma Umma ta aike ni sayen shinkafar ɓera, na sayo, na barbaɗa bayan buhunan masara da hannuna.

Umma tana da hujja. Zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno a yau, wani nau'in ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi a kan abinci. Ban musa ba. Sai dai da na tuhumi zuciyata, ba tsabta ce ta sa na ceci nawa ba. Na san su ne kawai, har na gane wanda ya fi tsoro. Na sito kuwa ban taɓa duban idonsu ba, sai da safe, lokacin da na share gawa uku, na wanke hannu, na je na zuba wa na keji ruwa.