Ƙwayar Tazarar Haihuwa: Tambayar Cutarwa da Hukuncin Jinin da Take Jawowa

Ƙwayar tazarar haihuwa da mace ke haɗiya kullum iri biyu ce. Akwai mai haɗe da sinadarai biyu, istirojin da furojestin, irin su Microgynon. Katinta yakan zo da ƙwaya 21 masu aiki, sau da yawa da ƙarin 7 na ciko waɗanda ba sa hana ciki. Akwai kuma mai furojestin kaɗai, wadda aka fi bai wa masu shayarwa. Ta farko tana hana ƙwai fitowa, ta biyu kuma ta fi aiki ta hanyar kaurara ruwan bakin mahaifa yadda maniyyi ba zai wuce ba. Tun da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Enovid a 1960 ake ta rage ƙarfin sinadaran. Enovid ɗin tana ɗauke da mikrogiram 150 na istirojin, na yau kuwa galibi ba su wuce 35 ba. Laulayin da ƙwayar ke jawowa ya ragu ƙwarai, amma bai gushe ba. Mace takan ji tashin zuciya, ciwon kai, nauyin nono, saurin fushi ko ƙuncin rai, sai kuma ɗigon jini a tsakiyar wata. Yawancin waɗannan sukan lafa cikin wata uku na farko.

Tambayar da shari'a ta fara yi ita ce ta cutarwa. A taron da Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yi a Kuwait cikin Disamban 1988, ta hana hukuma kafa dokar ƙayyade yawan 'ya'ya, ta hana kashe haihuwa baki ɗaya sai da larura, sannan ta halatta tazara ta ɗan lokaci idan miji da mata sun yi shawara sun yarda, hanyar halal ce, ba a taɓa cikin da ya riga ya shiga ba, kuma babu cutarwa. Malamai sun gina wannan ne a kan hadisin Jabir ɗan Abdullahi game da azalo, wato zubar da maniyyi a waje, wanda sahabbai suke yi a zamanin Annabi (SAW) ba a hana su ba. Sharaɗin ƙarshe, na rashin cutarwa, ya samo asali daga hadisin nan da ya hana cuta da cutarwa, wanda ke cikin Muwaɗɗa, kuma shi ne na 32 a Arba'una ta Nawawi.

Sai dai cutarwa hawa-hawa ce, kuma a nan ake yawan kuskure. Tashin zuciyar da ke wucewa idan aka sha ƙwayar bayan cin abinci ko daf da kwanciya wahala ce mai sauƙi, irin wadda ke tare da kusan kowane magani, ba ta mai da halal haram. Akwai kuma cutarwa ta gaske. Ƙwaya mai istirojin tana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana ta ga mai hawan jini mai tsanani, da wadda jini ya taɓa daskare mata, da mai kansar nono, da mai ciwon ɓarin kai irin wanda ke zuwa da walƙiya a ido, da mai yawan shan taba da ta kai shekara 35, da mai jego mai shayarwa kafin sati 6. Ga irin waɗannan, maganar likita ita ce ke tabbatar da cewa sharaɗin halacci ya faɗi. Kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, ko ciwon kai mai tsanani tare da dishi-dishin gani, alamomi ne na a tsayar da ƙwayar a nufi asibiti nan take. Haƙuri a irin wannan hali sakaci ne da amanar jiki. Ana kuma auna cuta da cuta, kamar yadda ƙa'idar fiƙihu ta ce a ɗauki mafi sauƙin sharri biyu. Ciki kansa ya fi ƙwayar jawo daskarewar jini, kuma matar da ke kwanika, jiki bai gama murmurewa ba wani cikin ya shiga, tana fuskantar haɗarin da ya fi ciwon kai na wata biyu nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi damun mace musulma a cikin laulayin nan, duk da haka, shi ne jini. Ɗigon da likita zai ce ba komai ba ne, a wurinta tambaya ce sau biyar a rana: ta yi salla ko ta bari? Mata da dama sun watsar da ƙwayar saboda wannan ruɗani kaɗai, wasu kuma sun shafe makonni ba salla suna zaton haila ce.

Jinin da ke zuwa a makon ƙwayoyin ciko, lokacin da sinadaran suka janye fatar cikin mahaifa ta zube, galibin malaman zamani suna ɗaukarsa haila, domin daga mahaifa yake, a kan lokaci yake zuwa, da kamanninta. Wahalar tana ga ɗigon tsakiyar wata. A mazhabar Malikiyya, wadda Hausawa suka karanta a Ahalari da Risala da Muhtasar, ko ɗigo ɗaya haila ne a babin ibada, haka ma fatsi-fatsi da gurɓataccen ruwa. Amma mazhabar ta kafa iyaka. Wadda ta fara gani ba ta wuce kwana 15. Wadda ta saba kuwa tana ɗaukar mafi tsawon al'adarta ta ƙara kwana 3 na istizhari, muddin jimillar ba ta haura 15 ba. Mafi ƙarancin tsarki tsakanin haila biyu kwana 15 ne. Idan jinin yana zuwa yana ɗaukewa, sai ta yi talfiƙi: ta tattara kwanakin da ta ga jini kaɗai ta lissafa su, duk sa'ad da ta ga bushewa ko farar kumfa ta yi wanka ta yi salla. Matar da al'adarta kwana 6 ce, ke nan, kwana 9 take da su. Idan ta yi 6 ɗinta, ta yi tsarki na mako guda, sai ɗigo ya dawo, kwana 3 kawai suka rage mata; abin da ya biyo baya istihala ne, jinin cuta, wanda ba ya hana salla ko azumi ko kusantar miji. Malikiyya suna so ta riƙa sabunta alwala ga kowace salla, wasu mazhabobin kuma sun wajabta mata. Asalin wannan sassauci shi ne hadisin Faɗima 'yar Abu Hubaish a Buhari da Muslim, wadda ta kai kukan cewa jini ba ya yanke mata, Annabi (SAW) ya bayyana mata cewa na jijiya ne, ta bar salla gwargwadon kwanakinta kawai, sannan ta yi wanka ta ci gaba.

Akwai wata tambaya mai zurfi da magabata suka riga suka taɓa: jinin da magani ya jawo, haila ne tun asali? Shehu Halil, mai Muhtasar, ya sa sharaɗi a ma'anar haila cewa jinin ya fito da kansa. Ya kuma ruwaito cewa an tambayi malaminsa Abdullahi Almanufi, a Masar ta ƙarni na 14, game da matar da ta sha magani jini ya zo mata. Ya ce a zahiri ba ta fita idda da shi, amma ya dakata a kan ko za ta bar salla da azumi. Masu sharhi sun yi saɓani bayansa. Dakatawar babban malami irin wannan ta isa ta nuna cewa mas'alar ba ta yanke-ɗaya ba ce. Hanafiyya ba sa ɗaukar jinin da bai kai kwana 3 ba a matsayin haila, Shafi'iyya da Hambaliyya kuma sun sa mafi ƙarancinta yini da dare, don haka ɗigon sa'a ɗaya shi kaɗai ba ya hana salla a wurinsu. Akwai kuma maganar sahabiya Ummu Aɗiyya cewa su ba sa ɗaukar fatsi-fatsi da gurɓatacce a bakin komai bayan tsarki. Malamin da ya san waɗannan zai iya ba wa mai fama da ɗigo fatawar da ba za ta raba ta da sallarta ba. Abin da ake buƙata daga gare ta shi ne ta rubuta kwanakinta, ranar jini da ranar bushewa, domin malama a Islamiyya da ma'aikaciyar jinya a asibiti duk lissafin nan za su fara tambaya.

Sau da yawa ɗigon yana da dalilin da za a iya gyarawa. Mantuwa ko saɓa lokacin sha shi ne kan gaba, musamman ga mai furojestin kaɗai, wadda jinkirin da ya wuce sa'a 3 yake rage mata ƙarfi. Amai cikin sa'a 2 da haɗiya, gudawa mai tsanani, maganin tarin fuka rifampicin da wasu magungunan farfaɗiya duk suna raunana ta. A watan Ramadan mai shan ta tana iya mai da lokacinta zuwa buɗa-baki ko sahur, gara kuma ta tsara sauyin da ma'aikaciyar lafiya tun a Sha'aban. Idan ɗigon ya zarce wata uku, ko ya yi yawa, ko yana biyo bayan saduwa, ana bincikar mahaifa da bakinta, sannan a sauya mata nau'in ƙwaya ko wata hanyar dabam.

Miji yana da nasa rabo a hukuncin. Imamu Malik ya ce ba a yin azalo ga mace 'ya sai da izininta, domin tana da haƙƙi a haihuwa da jin daɗi. Ƙwaya kuwa a jikinta take aiki, ita ke ɗaukar ciwon kan da ƙuncin ran, don haka yardarta ta fi cancantar a nema, kuma yardar da ta bayar kafin ta san yadda jikinta zai karɓi maganin tana da damar sake duba ta. Tilasta mata ci gaba da abin da ke cutar da ita ya rushe sharaɗin yarda da na rashin cutarwa gaba ɗaya, haka nan hana ta zuwa asibiti a sauya mata. Kuɗin mota da na kati, da sassauci a kwanakin da ba ta tabbatar da tsarkinta ba, suna cikin kyakkyawar zamantakewar da Suratun Nisa'i ta ɗora wa maza.