Kafin Ka Aza Harsashi, Zauna Ka Yi Lissafi

Karatu: Luka 14:25-33

  Yau maganata tana wajen iyaye, uba da uwa waɗanda suke fita neman abinci da safe su dawo gida da gajiya, ga yara kuma suna jiransu.

Duk wanda ya taɓa zagawa bayan gari a Maraɗi, ko Damagaram, ko Yamai, ya ga irin gidajen nan da aka fara ba a gama ba. Bango ya kai wajen taga ya tsaya. Rodi ya yi tsatsa. Ciyawa ta fito a ɗakin da aka so a sa gado, awaki ne suke kwana a ciki. Mai ginin ba mugun mutum ba ne. Ya fara da niyya mai kyau, ya sayi siminti, ya kira magina, amma ginin da ya zana ya fi ƙarfin aljihunsa.

Da yawa daga cikinmu muna da irin waɗannan kangaye a cikin zuciya. A daren 31 ga Disamba muke aza harsashinsu, lokacin da majami'a ta cika, ana waƙa, ana ba da shaida, zuciya ta yi zafi. Kafin watan Fabrairu ya ƙare, magina sun watse.

Bari in ba ku labarin nawa kangon. Wata shekara, bayan sujadar ƙetare shekara, na zauna na rubuta abubuwa tara. Zan riƙa tashi ƙarfe huɗu na asuba in yi addu'a ta awa guda. Zan karance Littafi Mai Tsarki daga Farawa har Wahayin Yahaya. Za mu yi sujadar iyali safe da yamma. Zan yi azumi kowace Laraba. Zan ziyarci marasa lafiya kowace Asabar. Ba zan ƙara yi wa yara tsawa ba. Da sauransu. Washegari na tara iyali na karanta musu, na ce na yi wa Allah alkawari. A lokacin ina koyarwa a makaranta, maman yara kuma tana aikin jinya, wani mako da rana, wani mako da dare. Ta saurara, ta ce Allah ya taimaka, ba ta ƙara kome ba.

Mako na fari na yi kome daidai. Mako na biyu sanyin hunturu ya hana ni tashi kwana biyu. Mako na uku ƙaramin yaronmu ya kwana da zazzaɓi, uwarsa tana aikin dare, ni ne na kwana a zaune. Daga nan abin ya fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Wajen Ista, 'yata mai shekara takwas ta tsinci takardar a cikin Littafina, ta karanta da ƙyar, ta ɗaga kai ta ce, "Baba, mun daina sujadar yamma ne, ko dai ka manta?" Ban sami amsa ba.

Hasara biyu na yi a shekarar nan. Ta fari, na koya wa 'ya'yana cewa mutum yana iya ambaton sunan Allah a kan magana, bayan mako uku ya bar ta. Ta biyu, kunya ta kama ni har na daina 'yar gajeriyar addu'ar da na saba yi tun kafin in rubuta takardar. Na nemi awa guda, na rasa har minti biyar ɗin da nake da su.

A cikin karatunmu na yau, taro mai yawa yana bin Yesu. Maimakon ya yi murna da yawansu, sai ya juya ya ba su misalin mutumin da yake son gina hasumiya. Mai hankali yakan zauna tukuna ya ƙididdige abin da aikin zai ci, ya duba ko abin hannunsa zai kai shi ƙarshe. Wanda bai yi haka ba, yakan aza harsashi ya tsaya, masu wucewa su mai da shi abin dariya. Ubangiji yana magana ne a kan tsadar zama almajirinsa, wato babban al'amarin da ya fi kowane shirin shekara nauyi. Amma mu lura da halinsa a nan. Ba ya son a bi shi da zafin zuciya na dare ɗaya. Yana son mutum ya zauna, ya yi tunani, ya san abin da ya ɗauka. In haka yake so game da babban alkawari, haka yake so game da ƙananan da muke ɗauka cikin sunansa.

Littafin Mai Hadishi, sura 5, aya 4 da 5, ya ja mana kunne a kan wa'adi. Koyarwar wurin ita ce, wanda ya kame bakinsa ya fi wanda ya yi wa Allah wa'adi ya kasa cikawa. Hausawa ma sun ce alkawari kaya ne. Saboda haka kada mu yi saurin cewa "na yi wa Allah alkawari." Ya isa mu ce, "Ga abin da na yi niyya, in Ubangiji ya yarda," kamar yadda wasiƙar Yakubu sura 4 ta koya mana.

To, yaya uba ko uwa mai aiki za su yi wannan lissafi?

Da fari, ƙidaya lokacin da kake da shi da gaske. Mako guda awa 168 ne, ga shugaban ƙasa da mai tura kura duka ɗaya. A ce kana barcin awa 7 kowane dare, awa 49 sun tafi. A ce kana aikin awa 8 kwana shida, 48 sun tafi. Hanya, girki, wanki, cefane, kai yara makaranta da ɗauko su, a ce awa 4 kowace rana, 28 sun tafi. Saura 43. Daga ciki za ka fitar da sujadar Lahadi, zumuntar mata ko ta maza, koyon waƙa, gaisuwar rashin lafiya, suna, biki da jana'iza. Abin da ya rage kaɗan ne, yawancinsa kuma yakan zo ne lokacin da jiki ya riga ya mutu. Ɗauki takarda ka yi naka lissafin, domin na kowa daban ne. Uwa mai goyo ba za ta ɗauki nauyin da budurwa za ta ɗauka ba, Allah kuwa ya san haka.

Na biyu, zaɓi abu ɗaya, ka kuma yanka shi daidai bakinka. Ba a tauna taura biyu a lokaci guda. Littafi Mai Tsarki yana da littattafai 66, surori 1,189. Wanda yake so ya gama shi cikin shekara guda sai ya karanta sura uku zuwa huɗu kowace rana, ba fashi. Abu ne mai kyau ƙwarai ga wanda yake da sarari. Amma Sabon Alkawari surori 260 ne. In ka karanta sura ɗaya tak kowace rana daga Litinin zuwa Jumma'a, cikin mako 52 ka gama shi daidai, ga Asabar da Lahadi kuma sun rage maka don cike abin da ka tsallake. In wannan ma ya yi yawa, ɗauki Bisharar Markus, surori 16 ne, ku bi ta a hankali tare da yara.

Haka yake ga kuɗi. Wanda ya ce zai ajiye rabin albashinsa, ga kuɗin haya da na makaranta suna jiransa, ya san ba zai iya ba tun kafin ya rufe baki. Amma wanda ya jefa dala ɗari, wato sefa 500, cikin asusu kowane mako, a ƙarshen shekara yana da jika 26. Ba su da yawa, amma suna iya zama kuɗin littattafan yaro a watan Oktoba, ko na magani a daren da ba a zata ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Na uku, ɗaura sabon abin a jikin abin da ka riga ka saba yi. A Maimaitawar Shari'a sura 6, aya 7, inda Allah ya umarci Isra'ilawa su koya wa 'ya'yansu maganarsa, lokatai huɗu ya ambata: zaman gida, tafiya a hanya, kwanciya, da tashi. Duba da kyau, babu ɗaya a ciki da yake bukatar a nemo sabuwar awa. Lokatai ne da kowane gida yake da su. Kai da kake kai yara makaranta a bayan babur, kafin ka tayar da shi kana iya ɗora musu hannu ka yi addu'a ta minti ɗaya. Ke da kike yi wa yarinya kitso ranar Asabar, kina iya ba ta labarin Rut ko na Yusufu tana zaune a gabanki. Sa'ad da aka ajiye tuwon dare kowa ya wanke hannu, ana iya karanta aya biyar kafin a buɗe kwano. Yaro da yunwa ba ya guje wa wannan sujada.

Na huɗu, kada ka ɗauka kai kaɗai. A Fitowa sura 18, Yetro firist na Madayana ya kai wa surukinsa Musa ziyara a jeji. Ya tarar da shi zaune yana yi wa jama'a shari'a tun safe har yamma. Musa aikin Allah yake yi, duk da haka Yetro ya gaya masa a fili cewa hanyar ba ta da kyau, zai gajiyar da kansa ya gajiyar da mutanen. Ya ba shi shawara ya naɗa amintattun mutane bisa dubu-dubu, ɗari-ɗari, hamsin-hamsin da goma-goma. Musa, wanda ya yi magana da Allah, ya karɓi gyara daga bakin surukinsa. Akwai kuma wani abu a farkon surar da ba mu cika lura da shi ba. Yetro bai zo hannu wofi ba, ya kawo wa Musa matarsa Ziffora da 'ya'yansa biyu, Gershom da Eliyezer. Mai hidimar jama'a yana da iyali da suke bukatarsa.

Saboda haka maigida, kafin ka yanke shawara, zauna da uwargida ka tambaye ta. Ita ta san abin da gidan zai iya ɗauka, wataƙila fiye da kai. In ɗayanku yana aikin dare, ɗayan ya riƙe sujada. Babban yaro ya yi karatu, ƙaramin ya zaɓi waƙa. Wani lokaci kuma shawara mafi kyau ta sabuwar shekara ita ce a sauke wani abu. In kana cikin kwamiti huɗu a ikkilisiya, 'ya'yanka kuwa ba sa ganinka sai suna barci, je ka sami fasto ka ajiye ɗaya. Akwai ɗan'uwan da yake jiran a ba shi dama.

Shekarar da ta biyo bayan takardata mai abubuwa tara, na nemi gafarar iyalina. Muka zauna da maman yara muka yarda da abu guda: karatu kaɗan da addu'a kafin tuwon dare, minti goma, kwana biyar a mako. Mun sha fashi. Akwai makon da muka yi baƙi, akwai makon da na yi tafiya. Amma abin bai fi ƙarfinmu ba, don haka komawa ba ta yi wuya ba. Ranar da na manta, yara ne suke ɗauko Littafin su ajiye kusa da kwano.

Za ka yi fashi, ɗan'uwana. Za ki yi fashi, 'yar'uwata. Ranar da haka ta faru, Shaiɗan zai raɗa maka cewa tun da ka karya, ka bari sai shekara mai zuwa. Kada ka saurare shi. Tuna da Bitrus. A daren da aka ba da Ubangiji, ya yi alkawari mafi girma a cikin almajirai, ya ce ko mutuwa ba za ta raba su ba. Kafin zakara ya yi cara ya yi musunsa sau uku. Amma a Yahaya sura 21, a bakin tekun Tibariya, Yesu bai tuna masa da girman alkawarinsa ba. Ya ba shi abinci, ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa, ya sake danƙa masa kiwon tumakinsa. Cetonmu yana tsaye a kan abin da Almasihu ya gama a kan gicciye, takardunmu na Janairu ba su ƙara masa kome, faɗuwarmu kuma ba ta rage shi. Wanda ya fāɗi ran Talata, ya tashi ran Laraba.

Abin tunani:

Wane gini ne na fara bara na bari a hanya, me kuma ya tsayar da shi?

Wane abu guda ne ni da iyalina za mu iya riƙewa ko a makon da aiki ya fi yawa?

Akwai kayan da nake ɗauke da shi wanda ya kamata in sauke, ko in raba da wani?

Addu'a:

Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka da ka kawo mu sabuwar shekara da rai. Ka gafarta mana alkawaran da muka yi da gaggawa muka kasa cikawa, musamman waɗanda 'ya'yanmu suka ji da kunnensu. Ka ba mu hikima mu san iyakar ƙarfinmu, ka ba mu aminci cikin ƙaramin abin da muka ɗauka. Ka ƙarfafa iyaye masu fita da asuba da masu aikin dare. Ranar da muka fāɗi, Ruhunka Mai Tsarki ya tashe mu. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.